Jan Tabo a Taswirar Zaharaddin

Akwai wani matashi a Agadas mai suna Zaharaddin, gwanin ordinata, wato kwamfuta, wanda sojoji suka ɗauka aiki. Yakan zuba wa na'urarsa hotunan da aka ɗauko daga sama da bayanan zirga-zirgar motoci. Ita kuma ta koyi gane taron da take zargi, sai ta shafa wa wurin ja a taswira.

Aikin yana da amfani, ba a musu. Amma kan yaron ya kumbura, har gaisuwa ta fi ƙarfin bakinsa.

Wata Litinin komandan sojojin ya kira farar hula taro, don ya ji ta bakinsu kafin ya tura sojoji daji. Cikinsu har da Tabawa, dattijuwa mai sayar da cuku a unguwar Dagmanet, wadda ke sarowa daga rugagen Aderbissinat.

Zaharaddin ya haska taswira a bango, ya nuna jan tabo a kan wata ruga.

"Nan aka taru ran biyar ga wata, aka sake ran bakwai, aka sake ran sha ɗaya. Ba kasuwa, ba rijiya. Na'ura ta ce mahara ne. Shawarata, gobe a kewaye rugar a kwashe mazan."

Tabawa ta ƙirga ranakun da yatsu.

"Ɗana, wannan ai rasuwa ce. Jana'iza, sadakar uku, sadakar bakwai. Saura ta arba'in."

Ya yi dariya. "Inna, nan ba rumfar cuku ba ce. Ilimi ake yi."

Ku ji rashin kunya. Matar da ta yi jika da kai, ta faɗa maka gaskiya, ka yi mata dariya a bainar jama'a. Kuma a kan wannan dariyar za a ɗaure mutanen da ba su gama share hawaye ba.

Komandan ya ɗaga hannu. "Inna, kin san wanda ya rasu?"

"Malam Nomau mai shanu. Bana suka koma can neman kiwo."

Zaharaddin ya ce, "Kawu Nomau?" Nomau yayan mahaifiyarsa ne. Sau uku ta kira shi a kan ya zo gaisuwa, sau uku yana cewa aiki ya sha kansa. Ko inda rugar ta koma bai tambaya ba.

Tabawa ta ƙura masa ido. "Ashe kai ne ɗan Habsa. Can na baro ta, a tsakiyar jan tabon naka. Duk motar da ta tsaya sai ta leƙo ko kai ne."

Komandan ya soke fitar. Zaharaddin bai iya ɗaga kai ba.

Darasi: Na'ura tana iya ƙirga taro, amma ba ta san makoki ba, kuma wanda ya yanke zumunci ba zai iya koya mata ba. Kafin ka yanke wa mutane hukunci, saurari wanda ya san su. Ku tura wa wasu su ma su amfana.