Mai Hatsin da Ya Ji Tsoron Rana

An yi wani mutum mai sayar da hatsi, wanda Allah ya buɗa wa. Wata shekara damina ta yi gardama. Shi kuwa tun da kaka ya saye masara da dawa, ya cika sito har rufi, ya sa kwaɗo. Jira yake yunwa ta ƙara tsananta.

Ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, ta zo ta durƙusa. "Yaya, ko mudu ɗaya ne. Yara ba su karya ba."

Ya ce, "Wallahi sito wayam yake, ni ma saye nake yi." A gaban maƙwabta ya rantse.

Kullum bayan azahar sai ya shiga siton shi kaɗai, ya turo ƙofa, ya kishingiɗa a kan buhu. Rana takan ratso ta wata 'yar huda a kwanon rufi, ta sauko siririya kamar zare. A cikin hasken yakan ga waɗansu ƙananan ƙwari masu fiffike, ruwan ƙasa-ƙasa, suna yawo a hankali, ba ƙara ba gaggawa. Kyau suke ba shi. Yana kallonsu sai gyangyaɗi ya ɗauke shi: ga manyan motoci sun yi layi, ga bene ya tashi, ga mutane suna rusunawa. Ya farka yana murmushi.

Wata rana matarsa ta ga ɗaya a wuyan rigarsa. Ta ce, "Maigida, wannan ai asu ne. Ƙwai yake zubawa a hatsi, tsutsar ta cinye ƙwaya ta ciki. A fito da buhunan nan a shanya a rana, a share siton, a toshe tsagar bango. Mai kyaun a zuba a buhun da iska ba ta shiga, a ɗora kan katako."

Ya san gaskiya ta faɗa. To amma ina zai shanya? A ƙofar gida, inda ya rantse? Sai ya yi dariya. "Ke dai akwai tsoro. Ɗan wannan abu, me cikinsa zai ɗauka?"

Ya 'yan uwa, kun ga yadda zunubi ke tare wa mutum hanyar magani? Rana kyauta ce, amma ƙarya ta hana shi ita.

Watanni suka shuɗe, hatsi ya yi tsadar da yake jira. Ya kira wani babban dillali, ya buɗe sito. Dillalin ya kwance buhu ya tura hannu. Da ya zaro, sai gari da saƙa kamar ta gizo-gizo, tsutsa na motsi, ƙwayoyin duk huda. Aka kwance na biyu, na uku, har ƙurya. Asu ya taso kamar hayaƙi ya fita ta ƙofa, unguwa duka tana kallo.

Abincin da ya hana marayu ko kaji ba su ci ba, a rami aka binne shi. Daga nan babu mai yarda da rantsuwarsa. Ya ƙare a zaune bakin siton, yana kaɗa hannu yana korar abin da babu mai gani sai shi.

Ya 'yan uwa, wanda ya ɓoye abinci don mutane su wahala, wa yake tara wa? Ku kula da hatsinku, ku shanya, ku share, ku fitar da haƙƙin mabuƙata. Allah ya kiyaye mu da rowa da rantsuwar ƙarya, ya sa albarka a abin da muka ajiye. Amin.