Muryar da Aka Rufe da Faifai

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A garin Tudun Marke an yi wani direban babbar mota mai suna Isyaku, wanda kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida yawa. Matarsa Hurera ce, 'yarsu guda ɗaya, Suwaiba, tana aji uku a firamare. Hurera tana cikin matan nan masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun ranar suna ba a taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba. Sai dai "ke", ko "yarinyar nan". Isyaku yakan tsokane ta in ya dawo daga tafiya.

"Sunan nan fa rago na yanka a kansa, Hurera. Ki ɗan taɓa shi mana, ko sau ɗaya."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Wannan dariyar ita yake tunawa a doguwar hanya in barci ya fara fizgarsa.

Da damina ta yi tsakiya Hurera ta zauna haihuwa ta biyu, ba ta tashi ba. Ta tafi tare da abin da ke cikinta. Ana zaman makoki, gida cike da mutane, Suwaiba ta zo ta ja hannun rigar ubanta.

"Baba, Inna ta san sunana kuwa?"

Isyaku ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. Yarinyar ta dube shi, ta saki rigar, ta koma ɗaki. Daga ranar ba ta sake cewa uffan ba. Ta daina zuwa makaranta, ta juya wa abinci baya. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo a jikinta ba. Isyaku ya ajiye mota, yana zaune yana kallon 'yarsa tana ƙarewa a gabansa, yana jin cewa da ya amsa mata a ranar da ba a kai ga haka ba.

Mata uku ne suka tsaya a kan yarinyar nan.

Ta farko Gwaggo Tabawa ce, yayar Isyaku, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suka yi aure. Ta rufe rumfarta ta sayar da waina, ta ɗauko buhun kayanta ta tare a gidan. Ita ce ke ɗora Suwaiba a cinya kamar jaririya, ta ɗiga mata kunu da cokali, wani ya shiga wani ya zube. In yarinyar ta datse haƙora, sai Gwaggo ta ajiye nata kwanon ta ce, "To, mu zauna da yunwar tare, 'yar nema." Haka ta yi ta fama har damina ta wuce. Ita ma ta rame, zanenta ya koma zagaye ta sau biyu. Ba don cokalin Gwaggo ba, da an bi da Suwaiba hanyar da aka bi da uwarta.

Ta biyu Malama Sakina ce, malamar ajin Suwaiba, wadda ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata ƙungiya ta taɓa kawo wa makarantar kwamfutocin hannu, yara suka sa musu suna allon gilashi. Hedimasta ya kulle su a kabad don kada su fashe. Malama Sakina ta yi ta roƙonsa har ya yarda, bisa sharaɗin duk wanda ya lalace a wuyanta. Kafin rasuwar Hurera ta ba yara aiki: kowa ya tafi da allonsa gida, ya naɗo muryar wani babba yana ba da tatsuniya. Da zangon karatu ya ƙare aka zo aka goge duk abin da ke cikin allunan, kamar yadda aka saba. Amma kafin nan Malama ta riga ta kwashe muryoyin ta adana su a intanet, ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye a rana bayan katangar makaranta, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa. Abokan aikinta suna yi mata dariya, wai tana tara surutun tsofaffi. Ba don taurin kanta ba, da muryar Hurera ta bi iska.

Ta uku Ladidi ce, aminiyar Hurera tun suna 'yan mata, mai 'ya'ya maza huɗu ba mace ko ɗaya. Tana gidan ranar da Suwaiba ta kawo allon. Ta sha zuwa ta durƙusa gaban yarinyar ta rantse mata cewa ta ji uwarta ta faɗi sunanta, amma Suwaiba sai ta juya fuska bango, don kowa ma haka yake faɗa mata. Ladidi ta kasa haƙura. Ita da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba, ta yafa gyale ta tafi makaranta ta sami Malama Sakina.

"Malama, abin nan naku, in an rufe shi yana ji?"

"Wane irin rufewa?"

"Da Hurera ta gama tatsuniyar, ta aiki yarinyar sayen gishiri. Muka ga abin yana ta ƙifta ido. Sai muka kifa shi, muka ɗora masa faifai."

"Ba ku danna jan maɓallin tsayar da naɗin ba?"

"Wane maɓalli kuma? Na ce miki faifai muka sa."

Malama ta dafe ƙirji. Yara sun yi mata yawa, kowace murya takan saurare ta ne zuwa ƙarshen tatsuniya ta wuce ta gaba. Ba ta taɓa sanin akwai saura ba. Ba don Ladidi ta tuna ba, da maganar tana can kwance har abada ba wanda ya ji.

Da la'asar suka taru a tsakar gida. Gwaggo ta fito da Suwaiba ta jingina ta a jikinta, Malama ta ajiye allon a tabarma. Muryar Hurera ta cika gidan, tana ba da labarin wata kurciya. Isyaku ya sunkuyar da kai. Tatsuniya ta ƙare, aka ji takun yarinya tana fita, aka ji ƙarar faifai. Sai muryoyin suka dusashe kamar daga cikin tulu.

"Ke dai kin cika gargajiya," in ji muryar Ladidi. "Yarinya kamar zinariya, ko sunanta ba kya iya faɗa?"

Sai ga dariyar nan da Isyaku ya sani.

"Wa ya ce miki ba na faɗa? Kullum in ta fita makaranta sai na leƙa ta zaure ina kallon bayanta. In ce Suwaiba. Suwaibata. Allah ya dawo mini da ke lafiya. Ita ce dai ba ta ji."

Yarinyar ta ɗago kai a hankali. Leɓunanta da suka bushe suka motsa.

"Na'am, Inna."

Ba wanda bai yi kuka ba a gidan nan. A yammacin ta ci tuwo da hannunta.

Bayan ta murmure, dole Isyaku ya koma hanya, kuma ba a barin yarinya ita kaɗai a gida. Matan uku kowacce ta same shi a keɓe ta roƙe shi ya ba ta riƙonta. Gwaggo ta ce jininta ce, kuma a cinyarta ta rayu. Malama ta ce za ta kula da karatunta, ɗakinta kuma ya daɗe yana jiran yaro. Ladidi ta ce ba wanda ya san Hurera kamarta, ita ce za ta iya ba yarinyar labarin uwarta har ta girma.

Sai Isyaku ya tambayi 'yarsa. Suwaiba ta ce ita dai inda muryar Inna take. To amma Malama ta riga ta tura muryar a wayar kowaccensu.

Ga mota an yi mata lodi tana jiransa a tasha, ga ƙullin kayan Suwaiba a bakin ƙofa. To, ku da kuka ji, a ƙofar wa Isyaku zai ajiye 'yarsa? Wadda ta tsare ranta, ko wadda ta adana muryar, ko wadda ta tuna da faifai?