Zaren Kubura

An yi wani sarki a Birnin Dargaza, ana ce da shi Zubairu ɗan Hambali, mutum mai ilimi da tsoron Allah, wanda babu abin da ya ƙi jini a duniya kamar mutuwar aure. Dalili kuwa, yana ɗan shekara biyar aka saki mahaifiyarsa da hantsi a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba, kafin azahar ta bar gari, bai sake sa ta a ido ba. Saboda haka ranar da aka naɗa shi ya kafa doka cewa ba za a raba aure a ƙasarsa ba sai masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, sun zaunar da ma'auratan a gaban alƙali sau uku, zama ɗaya duk tsayuwar wata, wata uku a jere. In an tsallake wata ɗaya, a koma farko. Malamai suka sa albarka, kuma haƙiƙa dokar ta ceci gidaje da yawa, domin fushin hantsi ba ya kai wata uku. Sai dai sarki da awon ciwonsa ya yanka rigar, ya ce kowa ya sa.

A garin akwai wata mata mai sana'ar kaɗi, sunanta Kubura, matar wani bafatake Tanimu, wanda ke bin ayarin goro zuwa Gwanja: wata goma yana can da hanya, wata biyu yana gida. Shekara goma suna tare, in ana kiran wannan tare, ba ta taɓa ko ɓari ba, alhali shi yana da wani gida a can da 'ya'ya huɗu. Ta riga ta ba talatin baya, kuma abin da take so a duniya ɗaya ne, ta ji ɗumin ɗa a bayanta. Ta roƙe shi ya sawwaƙe mata, ya ce, "Wallahi ban ƙi ba, Kubura. Mu je wurin alƙali."

Aka yi zama na farko, aka yi na biyu. Saura kwana tara na uku madugu ya sa aka kaɗa gangar tashi, wanda kuwa ayari ya bari, shekara ta bar shi. Tanimu ya ɗaure kayansa, ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Da baɗi ta zo, Alƙali Mu'azu ya duba doka ya ce an tsallake wata goma, sai a koma farko. Aka yi na farko, aka yi na biyu, ganga ta sake tashi.

Ita mai ƙara, in ta fasa zuwa sau ɗaya ƙararta ta faɗi, don haka duk tsayuwar wata Kubura takan ɗauki audugarta da mazarinta ta zauna a zauren alƙali tun safe har la'asar, a kira sunan Tanimu sau uku, a ce ba ya nan, a sallame ta. Zaren da ta kaɗa a waɗannan ranaku ba ta sayar da shi. Ta ware shi a cikin wata tukunya, ta ce da shi za a saƙa mata majanyin da za ta goya ɗanta na fari.

Akwai wani maƙeri, Ilu, wanda matarsa ta rasu, ya aika wa kawunta cewa in ta gama idda yana so. Ya jira shekara huɗu. A ta biyar ya zo ƙofar gida da kansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki yafe mini, Kubura, yarana suna bukatar uwa." Ta ce babu komai, Allah ya sa albarka, ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar mutuwar mahaifiyarta. Ta nufi fada sau biyu, dogarai suka ce maganar da ke hannun alƙali ba ta hawa gaban sarki sai an gama ta. Shi kuwa alƙali ba mugu ba ne, har tausayinta yake ji, amma abin da yakan ce ke nan: "Haƙuri, baiwar Allah. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa." Haka aka yi shekara goma sha uku, ba ita ga matan aure, ba ita ga zawarawa. Tun tana zuwa da sa rai, har ta koma zuwa don ƙafarta ta saba da hanyar.

Ana nan sai tsufa ya fara kama sarki, ya so ya san abin da zai tarar a gaban Ubangijinsa. Ya tara majalisa ya ce, "Na kafa doka, an yabe ni, amma yabon fada ba hujja ba ne. Ina son a kawo mini ma'aunin lokacin sulhu, wanda ido zai gani, hannu ya taɓa, in san ko na tsawaita ko na gajarta."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ma'auninsa wata uku ne, kamar yadda hikimarka ta yanke." Sarki ya ce, "Maganata ka mayar mini." Alƙali ya ce, "Allah ya ja zamaninka, sulhu alheri ne, alheri kuwa ba a yi masa mudu." Sarki ya ce, "Wannan wa'azi ne, ni kuwa ma'auni na nema." Sai ya sa aka yi shela, kowa ke da amsa ya shigo, ko wane ne shi, kada dogari ya tare shi.

Kubura ta kwashe zaren tukunya ta kai wa masaƙi. Ran Juma'a ta shiga fada da ƙunshi a kanta, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta kwance. Aka kama bakin farin ƙyalle ana warwarewa, ya tashi daga gaban karaga har ya kusa ƙofa. Ta faɗi labarinta daga farko har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, ba ta zargi kowa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan zaren jira ne kawai, ban haɗa shi da wani ba. Da na fara kaɗa shi majanyi na nufa. Jiya masaƙi ya auna, ya ce mini ya isa likkafani, har da saura. An ce in dafa dutse, na dafa, itace ya ƙare, ban ga romo ba. Wata ɗaya ne ke tsayawa a kaina da kan Tanimu, amma shi wata ba ya ɗauke masa komai, ni kuwa kowane wata da abin da yake tafiya da shi. In za a auna sulhu, a auna shi a jikin wanda jira ke ci."

Sarki ya daɗe yana duban ƙyallen, sa'an nan ya ce, "An kori uwata a yini ɗaya, na ce zalunci ne. Ni kuma na tsare 'yar wani shekara goma sha uku, ina kiransa adalci." Ya umurci alƙali ya raba auren nan take, ba sai an jira ayari ba.

Alƙali ya yanke hukunci, ya ce, "An raba. Za ki yi idda tsarki uku, daga nan ki auri wanda kike so, Allah ya ba ki zuriya."

Kubura ta ce, "Allah ya gafarta malam, ƙirga mini da watanni. Al'ada ta ɗauke mini tun bara."

Sarki ya gyara doka a wurin: wa'adin sulhu kwana arba'in, matafiyi ya naɗa wakili ko a yanke hukunci ba tare da shi ba. Ya ba Kubura gida da gona, ya kuma sa mata tabarma a zauren alƙali, ya ce ba za a ƙara ɗage wani zama ba sai an tambaye ta wa ɗagewar za ta ci. Ta yi godiya kamar yadda ake yi wa sarakuna, amma a ranta ta san gidan ɗaki huɗu ne, ita kuwa ita kaɗai ce.

Sarki ya roƙe ta ta bar masa ƙyallen a rataye bisa kan alƙali, don duk mai niyyar cewa "sai wata mai zuwa" ya fara dubansa. Ta ce, "Aro dai, ranka ya daɗe. Akwai ranar da zan bukace shi."

Masu hikima suka ce, hukuncin gaggawa yakan rushe gida, jinkirin hukunci kuwa yakan cinye mai gidan. Sarki na iya mayar da gonar da aka ƙwace, amma babu sarkin da ya taɓa mayar wa mutum da shekara.