Kwamin Da Ke Cika Kansa

Akwai wani dattijo a kwarinmu na At-Bashi, can cikin duwatsu masu tsananin sanyi, sunansa Jumakadir. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a bayan tudu, daga shi sai karensa da garken dawakinsa.

Idan hunturu ya kama, kogi daskarewa yake yi. Kowace safiya masu dawaki kan sauko bakin kogi da gatari, a fasa ƙanƙara, dabbobi su sha. Wahala ce ta gaske, gemu ma sai ya daskare. Amma a nan ake ganin juna. Duk wanda ba a ga dawakinsa ba har rana ta ɗaga, ba a jiran komai, sai wani ya hau doki ya je ya duba shi. Haka muka taso muka tarar.

Jumakadir yana da ɗa a Bishkek, babban birnin ƙasarmu, sunansa Talantbek. Ya samu abin hannu, kuma gaskiya ba marowaci ba ne. Matsalarsa ɗaya, yana ganin duk wanda ya rage a ƙauye kansa bai waye ba.

A lokacin kaka Talantbek ya zo da ma'aikata, suka kafa wa tsohon kwamin shan ruwa na zamani a bakin garke. Yana da wutar sola da ke ɗumama ruwan, ba ya daskarewa. Doki na sha, yana sake cika kansa. Har saƙo yake turawa wayar Talantbek cewa an sha ruwa.

"Ata, ka huta da zuwa kogi," in ji shi, don haka muke kiran uba. "Ka bar wa masu son wahala gatarinsu."

Tsohon ya shafa bakin kwamin ya ce, "To ni da wa zan riƙa yin gardama da safe?"

"Da rediyo mana!"

Ranar da kogi ya fara daskarewa, ba a ga dawakin Jumakadir ba. Abokinsa na ƙuruciya, Moldobek, ya hayo tudu a sukwane, dokinsa na huci. Ya tarar da uba da ɗa suna shan shayi hankali kwance.

Talantbek ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira shi da "aba" yadda muke kiran manya. "Moldobek-aba, gawa ka zo ɗauka ne, ko ƙamshin shayi ne ya jawo ka?"

"Ban ga dawakinsa ba ne, ɗana."

"Kuma ba za ka ƙara ganinsu ba. Ka daina wahalar da dokinka. Ga shi nan a wayata, daga birni nake ganin komai."

"Dawakin kake gani. Shi fa? In ya faɗi, ta yaya za mu sani?"

"Aba, ubana ne ko naka?"

Jumakadir ya sunkuyar da kai don kunya. Moldobek ya ajiye shayin da aka miƙa masa bai kurɓa ba, ya fita. A wajenmu babu cin fuskar da ta wuce a ce wa mutum shayi ya zo nema.

Duk da haka bai yanke zumunci ba, yakan leƙa lokaci-lokaci. Sai dai alamar nan ta safiya ta mutu. Rashin ganin dawakin Jumakadir a kogi ya zama ba labari ba.

Shi kuwa Talantbek, bayan ya koma birni, da farko yana kiran uban a waya. Tsohon bai iya waya ba, rabin lokaci tana cikin akwati a kashe. A hankali ɗan ya gaji. Da safe sai ya duba saƙo, ya ga an sha ruwa, ya ce wa matarsa, "Tsoho na nan garau." Ya manta cewa dawakinmu ba sa jiran kowa. Da kansu suke fita su tone dusar ƙanƙara su ci ciyawa, da kansu suke dawowa su sha.

Ana tsakiyar sanyi, wata safiya karen Jumakadir ya sauko bakin kogi, ciki a lafe, yana kuka. Moldobek ya yar da gatari.

A rumfar itace ya sami Jumakadir, rai ya yi halinsa. Santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Ba nan take ya cika ba, domin ya ja jiki har kusa da ƙofa, ya lulluɓe kansa da buhunan abincin dawaki. Da a shekarar da ta wuce ne, kafin azahar ta ranar da ya faɗi yana kwance a asibiti. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai.

Talantbek ya iso da jajayen idanu, waya a hannu, yana nuna wa duk wanda ya tsaya. "Ku duba! Kullum yana nuna mini lafiya lau!"

Ba wanda ya karɓi wayar. Moldobek ne kaɗai ya amsa masa.

"Bai yi maka ƙarya ba, ɗana. Je ka duba dawakin. Lafiyarsu ƙalau."

Aka yanka goɗiya ɗaya domin masu ta'aziyya, kamar yadda aka saba a wajenmu. Kitse ne a jikinta har mahauta na mamaki. Talantbek bai iya kai loma bakinsa ba.

Da aka ɗauko gawar aka biyo ta bakin garke, wani doki ya ɗaga kai daga shan ruwa. Ba abin da ake ji sai ƙarar kwamin yana sake cika kansa.

Darasi: Na'ura za ta iya ɗauke wa iyayenka wahala, amma ba za ta duba maka su ba. Kada ka raina mutanen da ke leƙa naka alhali kai kana nesa. Ka tura wa duk wanda ka san yana da tsoho a gida, kai ma ka kira naka yau ka ji muryarsa.