Ta Narke a Kwalba

An yi wani mutum, shugaban wani ɗakin gwaje-gwaje, wanda Allah ya ba ilimi da iya magana. Ni a ƙarƙashinsa nake, ban daɗe da gama karatu ba. Aikinmu gwada 'ya'yan wata bishiya da tsofaffi ke jiƙawa su sha don tsakuwar ƙoda. Mu daka, mu tace, mu zuba ruwan a kwalba a kan tsakuwar da likitoci suka ciro daga jikin mutane, mu ba ɓerayen gwaji su ma su sha, mu jira.

Wata rana tsakuwar ta fara marmashewa. Na je na gaya masa ta narke a kwalba, amma ɓerayen da suka sha ruwan ƙodarsu ta kumbura. Bai ji ɓeraye ba, bai ji kwalba ba. "Ta narke" kaɗai ya shiga kunnensa.

Ya hau rediyo ya ce an gama da tiyata, duk wanda ya bari aka yanka shi kan tsakuwa jahili ne. Na same shi a ofis na ce ba haka na faɗa ba. Ya yi dariya, ya ce, "Yarinya, ɓera ne zai koya mini aiki, ko ke?"

Aka kore ni. Abokan aiki suka laƙaba mini Uwar Ɓeraye. Har mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri. Ban je ba. Na sha zaman gida da gorin dangi, amma ban janye ko harafi ba.

Ya 'yan uwa, mutum nawa suka fasa zuwa asibiti saboda maganarsa? Allah kaɗai ya sani.

Sai tsakuwa ta kama shi shi ma. Ciwo ya riƙa naɗe shi a ƙasan ofis. Matarsa ta roƙe shi ya je a cire. Da wane ido? Shi da ya kira mutane jahilai? Ya kulle ƙofa ya yi ta shan ruwan 'ya'yan bishiyar, kullum yana ƙara yawa, har fitsari ya tsaya. Ƙodojinsa duka biyu suka lalace.

Yanzu ina aiki a asibitin da ake masa wankin ƙoda. Rannan aka turo ni in ɗebi jininsa. Ya rame, ya yi baƙi, ƙafafu sun kumbura. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "A kwalba kika ce."

Na ce, "Eh, Malam. Miƙo hannun."

Ya 'yan uwa, bai ƙirƙiro komai ba. Gaskiya ya ɗauka ya yanke mata kalma biyu. Wanda ya rage gaskiya don a yabe shi ya yi ƙarya, kuma jikin mutane ne ke biya.

Allah ya kiyaye mu daga rabin gaskiya, ya ba mu juriyar faɗin ta cikakkiya. Amin.