Abin da Ya Rage na Marka

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki ana ce masa Barmo, wanda ya wayi gari ya daina magana in ban da kalma ɗaya. A kawo masa ƙara, ya ce, "To." A gaya masa fatake sun iso, ya ce, "To." Ba fushi a fuskarsa, ba hawaye, sai ka ce an ɗauke mutumin an bar rigar zaune a kan karaga. Abin da ya jawo haka kuwa barewa ce.

Sunan barewar Marka, domin cikin marka ya tsince ta tana 'yar ƙanƙanuwa, maharba sun kashe uwar. Shi ya shayar da ita madara da hannunsa tun bai hau gado ba. Ta girma a gidan sarki, ta san kowa, ba ta shakkar kowa. Kullum da hantsi takan fita ta ƙofar fada, ta bi ta gindin masallaci, ta ratsa bakin kasuwa, ta sha ruwa a tafki, ta komo. In an zauna fadanci sai ta kwanta hagu da karaga, ta cusa hancinta cikin tafin hannun sarki, shi kuwa yana ta shari'arsa. Fadawa sukan yi murmushi a gabansa, a bayan ido kuma su ce da rago aka ba abin da take ci da an more.

Ana nan sai sarki ya tafi rangadi, ya bar gari a hannun Waziri Cindo, dattijo mai tattali, wanda bai taɓa yarda ko ƙwayar gero ta salwanta a gidan sarki ba. A bayansa tsufa ya kayar da Marka, ta daina ci, ta daina tashi. Da Waziri ya ga numfashinta ya soma sarƙewa, sai ya yi abin da kowane mai hankali a garin zai yi. Ya aika aka kira Sarkin Fawa, aka yanka ta tun da sauran rai, don kada ta zama mushe. Aka raba naman sadaka, aka yi kilishi da cinya guda aka ajiye wa sarki.

Ran da sarki ya komo, ya zauna, ya dubi hagunsa, ya ce, "Ina Marka?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kwananta ya ƙare. Amma mun gode Allah, mun riske ta da wuƙa, ba ta yi mushe ba. Ga ma rabonka mun adana."

Aka ɗaga faifai. Sarki ya dubi kilishin, ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "To."

Ni dai ba zan tsine wa Waziri ba, don haka ya taras ana yi, haka kuma aka yi wa akuyar gidan ubansa. Sai dai kilishin nan, wallahi da ya bar shi a ɗaki.

Mutane suka yi ta zuwa jaje irin wanda ake yi wa mai asarar dukiya, kowa yana cewa Allah ya mayar da gurbinta. Galadima, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rawanin Waziri, shi ya fara kawo sabuwar barewa. Da hakimai suka ji, kowa ya saki maharbansa cikin daji, kafin a ce haka gidan sarki ya cika da bareyi masu firgita, suna ta karo da bango. Sarkin majema ya kawo fatar Marka ya jeme ta sumul, ya ce a yi buzun salla. Liman da aka tuntuɓe shi ya ce ba a yi wa dabba salla, ba a yi mata zaman makoki, sai dai haƙuri. Duk wanda ya zo, abin da ya samu ke nan, "To." Masu ƙara suka riƙa wuni a ƙofar fada suna komawa gida da ƙararsu, mai ƙarfi ya soma taka marar ƙarfi a kasuwa, tun da an san ba mai tsawatawa.

Rannan Galadima ya ga lokaci ya yi, ya gurfana ya ce, "Zaki, wanda ya sa wuƙar nan shi ya rufe bakin sarki, shi ya tsayar da shari'a. Bai kamata ya ci gaba da zama damanka ba."

Sarki ya juyo sannu. Karon farko tun ranar kilishin ya yi doguwar magana, ba ɗaga murya, kamar mai tambayar ko an yi la'asar. Ya ce, "Waziri, ka kawo mini abin da ya rage na Marka. Ban da nama, ban da fata, ban da ƙashi, ban da abin da aka taɓa ɗaura mata. In sabon wata ya tsaya ba ka kawo ba, ka ajiye rawani a nan, ka fita ta ƙofar yamma, kada ka komo."

Waziri ya ce, "Na ji, na karɓa, ranka ya daɗe." Ya tashi ya fita. Mutum ne da aka binne iyayensa da kakanninsa a garin nan, ga tsufa, bai san kowa ba bayan ganuwa.

Ya tara malamai, suka bincika littattafai, suka ce ba su ga wannan mas'ala ba. Ya sa maroƙa suka tsara wa Marka waƙa, suka wasa ta har suka ba ta ƙahon zinariya, sarki ya saurara har ƙarshe ya ce, "To." Wani madugu ya zo masa a ɓoye ya ce yana da ɗan barewa mai kama da ita sak, a ce ɗanta ne da ta haifa a daji. Har zuciyar Waziri ta ɗan karkata, daga baya ya ce, "Na riga na ba shi namanta. Ba zan ƙara masa da ƙarya ba."

Wata ya yi nisa, ya soma ƙanƙancewa. Waziri ya sa iyalinsa su fara ɗaure kaya. Shi kansa ya daina jin komai, ko tsoro, ko baƙin ciki, abinci ma sai an tuna masa. Wata safiya ya fita shi kaɗai don ya yi wa gari kallon ban kwana, ƙafa ta kai shi bakin kasuwa, ya zauna a kan wani kututture.

Kusa da shi akwai wata tsohuwa mai fura, ana ce mata Gwamma. Hantsi na dubawa sai ya ga ta yi wuf ta rufe ƙwaryar nono da faifai, ta ɗaga ludayi tana harar hanya. Ya dubi hanyar, ba kowa.

Ya ce, "Iya, wa za ki buga?"

Ta dubi ludayin, ta sauke shi, ta ce, "Af! Ranka ya daɗe, hannun ne bai ji labari ba. War haka barewar sarki take wucewa, 'yar ƙwal uba, ta tsoma mini baki cikin nono. Na sha cewa sai na karya mata ƙafa. Ga shi yanzu ba mai ɓata mini nono, ni kuwa kullum sai na rufe."

Waziri ya miƙe, ya bi hanyar a hankali yana dubawa. Mai tukwane ya jera tukwanensa ya bar rata a tsakiya, daidai faɗin barewa. A gindin masallaci wani makaho, Malam Jibo, yana zaune da ɗan damin harawa a cinya, ya karkata kunne wajen fada. Waziri ya tsaya nan har inuwa ta gajarta, sa'an nan ya koma gida ya ce a dakata da ɗaurin kaya.

Kashegari ya gurfana ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na samo. Sai dai abin ba ya ɗaukuwa, ba a kuma ganinsa sai da hantsi. In dogari ɗaya ya biyo mu, ko aka buga tambari, zai ɓuya. Sai ka sa riga irin ta talakawa, ka rufe fuska, mu tafi da ƙafa."

Galadima ya ce, "Ka ji dabarar mai neman ƙarin kwana!"

Sarki ya ce, "To."

Suka fita su biyu. Waziri bai yi bayani ba, sai dai ya tsaya, sarki ya tsaya. Suka ga Malam Jibo yana shafa harawarsa. Da ya ji takun mutane ya ce, "Bayin Allah, ku ɗan raɓa, nan hanya ce." Sa'an nan ya yi tsaki, ya ce, "Kai, ku wuce abinku. Mantuwa na yi." Suka ga ratar mai tukwane. Suka iso wurin Gwamma daidai tana rufe ƙwarya tana ɗaga ludayi. Sarki ya tsaya yana kallonta har ta tsargu, ta ce, "Malam, in fura za ka saya ka saya, in kallo ne ka yi gaba." Suka kai tafki, suka juyo.

Da aka koma fada sarki ya zauna a karaga, fadawa suka kewaye. Ya ce, "Na ga nasu. Amma cewa na yi ka kawo mini."

Waziri ya ce, "Babban yana nan tun tuni, ranka ya daɗe, ba ni na kawo shi ba. Dubi hannunka na hagu."

Sarki ya duba. Hannun yana rataye a gefen karaga, tafin a buɗe yana kallon sama, yatsun sun ɗan tanƙwashe. Haka yake kullum tun ran da ya komo daga rangadi, kowa a fada ya gani, ba wanda ya iya faɗa. Sarki bai janye hannun ba.

Can ya ce, "Ta sha wuya?"

Waziri ya ce, "Ta sha, ranka ya daɗe. Ta yi ta duban ƙofa."

"Wa ya riƙe kanta?"

"Ni. Da na rasa yadda zan yi ta natsu, sai na ba ta tafin hannuna, ta sa hancinta. A haka aka gama."

"Me ya hana ka gaya mini wannan tun ranar?"

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na zaci labarin naman ne zai sanyaya maka rai. Na yi wauta, Allah ya huci zuciyarka."

Ba a ga hawaye a idon sarki ba, sai dai numfashi da ya ja mai tsawo, kamar wanda ya sauke kaya. Sa'an nan ya yi hukunci, muryarsa a dushe saboda daɗewa ba a yi aiki da ita ba. Ya ce Waziri ya riƙe rawaninsa. Ya ce a saki bareyin nan duka su koma daji, Galadima da ya fara kawo su shi zai raka su da ƙafa. Ya ce hanyar nan daga ƙofar fada zuwa tafki kada a yi gini a kanta har abada, a ajiye kwamin ruwa da kanwa a gindin masallaci don kowace dabba mai wucewa, harawar kuma a riƙa saya wurin Malam Jibo. Ya kuma kafa doka, duk dabbar da aka raɗa wa suna, kada a sa mata wuƙa sai an nemi wanda ya raɗa.

Liman ya ce shayar da dabba sadaka ce, wannan kam ba shi da ja.

Daga nan sarki ya ce a shigo da masu ƙara. Aka shigo da na farko, wasu manoma biyu da ke rikicin iyakar gona, suka zube suka fara bayani. Sarki yana saurare, yana tambaya, yana nuni da hannun dama. Na hagun yana nan rataye a gefen karaga, a buɗe, haka kuma ya zauna har ƙarshen zamaninsa.