Sarki Dambo da Akushi Ɗaya

An ce tun ranar da aka naɗa Sarki Dambo bai sake haɗa hannu da kowa a akushi ba, don a garinsu sarki shi kaɗai yake cin abinci. Kaɗaici ya ishe shi, abokin hirarsa sai wata tsohuwar shamuwa mai sheƙa a kan soro.

Wata rana aka ce Tanimu marini, abokin cin tuwonsa tun suna yara, yana kwance rai a hannun Allah. Sarki ya aika da rago da riga, ya ce, "Ai ya san ina son sa."

Shamuwa ta ce, "Wane irin so, ranka ya daɗe? Saurara ka ji.

"A yawona na taɓa sauka ƙasar Yunan, wato Girka. Mutanen can na zamanin da ba su zuba so a ƙwarya ɗaya ba, kowane iri da sunansa. Eros na sha'awa ne. Istorge na iyaye da 'ya'ya. Filiya na aminai, daga kalmar filos ta fito, wato naka na jiki. Agafe kuwa, tushenta tarbar mutum da murna.

"Akwai wani attajirinsu, Dimas, mai jiragen ruwa. Duk shekara yakan aika wa aminansa kyauta, amma shi kaɗai yake wuni. Ya kai kuka wurin wata tsohuwa mai tatsar man zaitun, ta ce, 'Zauna, ɗana, in ba ka labarin maƙwabciyata.

"'Ɗanta ya haye teku, ya samu duniya. Kowace kaka sai ya aiko mata da tulun mai. Ta jera su jikin bango, ko ɗaya ba ta buɗe ba, kullum tana bakin ƙofa tana kallon hanya. Da ajali ya matso na ce mata, ga shaidar yana son ki. Ta ce, wayyo, ni tulu na haifa?'

"Dimas ya tashi ya nufi wurin aminansa. To, ranka ya daɗe, ragon naka zai riƙe hannun Tanimu?"

Hawaye suka fara bin gemun sarki. Ya ce, "Wallahi kewarsa ta daɗe tana cina."

Ya miƙe ya nemi takalmansa da kansa. Fadawa suka ce, "Ranka ya daɗe, al'ada fa?"

Ya ce, "Ku ɗauko tuwona ku biyo ni gidan Tanimu. Akushi ɗaya, kada a raba."